Abin da Ke Rage wa Aikin P2V Gudu

Ƙorafin masu kula da saba a Accra kusan iri ɗaya ne, ko a ƙaramar makaranta a Nima ko a ofishin fiton kaya: an fara kwashe tsohuwar saba (kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) zuwa VM, wato kwamfutar da manhaja ke kwaikwaya a cikin wata, aikin da ake kira P2V, da manhajar VMware Converter ranar Juma'a da yamma, Asabar ta yi la'asar bai kai rabi ba. Abin da aikin nan ke koyarwa tun farko shi ne kada a gaskata lokacin da allo ke nunawa. A auna hanya tukuna.

Lissafin ba wuya. Layin 100 Mbps ba ya wuce kimanin MB 11 a daƙiƙa, don haka bayanan GB 500 za su ci awa 12 da ɗoriya, alhali a layin gigabit awa ɗaya da rabi ta isa. Idan gudun ya kafe a MB 10 ko 11, laifin ba na Converter ba ne. Gigabit sai da dukkan wayoyi takwas na cikin kebul. Ɗaya ta tsinke, ko kan kebul ɗin (RJ45) bai matsu sosai ba, katin sadarwa na iya sauka zuwa 100 Mbps ba tare da ya sanar da kowa ba. A duba gudun a kan sabar da kuma a suwic, na'urar da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinta. Kuma a saba mai Windows bayanan suna tafiya ne kai tsaye zuwa ESXi, wato injin da VM ɗin zai zauna a kansa, ta ƙofar sadarwa mai lamba 902, ba sa bi ta kwamfutar da kake ba da umarni. Wannan hanyar ce za a gwada da iperf3, manhajar auna gudun layi, daga sabar zuwa wani VM da ke kan ESXi ɗin.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne girman faifai. Mutum ya ga faifan TB 1 amma GB 300 kawai ke ciki, sai ya rage girmansa a lokacin kwafi don tattalin wuri. Da zarar an rage, Converter ya bar kwafin gungu-gungu ya koma ɗaukar fayil ɗaya bayan ɗaya. A sabar da ke cike da ƙananan takardu da hotunan sikanin, wannan tamkar ɗibar gero ne da tsinke, ga antibairos na leƙa kowane fayil. Gara a bar girman yadda yake, a zaɓi faifai nau'in thin, wanda ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da ke ciki.

Sai ɓoye bayanai. Tun daga sigar 5.0 Converter ke rufe bayanan da SSL, tsarin da ke ɓoye su a kan hanya, kuma tsohon furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana shan wuya da shi. A fayil ɗin converter-worker.xml, ƙarƙashin sashen nfc, ana mayar da useSsl daga true zuwa false, a sake tayar da hidimar Worker. A ganina wannan ya dace ne kawai a layin cikin gida da aka keɓe. Wanda zai bi ta layin haya tsakanin Accra da Kumasi ya bar shi a kunne. Idan sabar na da ɓangarorin faifai da yawa, ƙara data connections per task, wato yawan hanyoyin kwafi a lokaci guda, zuwa 3 ko 4 yana taimakawa, muddin faifan na da sauran ƙarfi.

Gudun da ke tashi ya faɗi, ko ya tsaya a kaso ɗaya kullum, yawanci ciwon faifai ne. A duba Event Viewer, inda Windows ke rubuta kurakurai: saƙon disk mai lamba 7 na nufin gurbi ya lalace. A yi ajiyar kwafi kafin chkdsk /r, umarnin binciken faifai, domin faifan da ke gab da mutuwa na iya ƙarasawa a wannan gwajin.

Dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki a Ghana, kuma ba ya tausayi: idan aikin ya katse, daga farko yake sake somawa. Sabar, suwic ɗin da ESXi duk su kasance a kan UPS, batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, a kuma tabbatar janareta na da mai. A tsayar da SQL Server, manhajar rumbun bayanai, da makamantansa kafin kwafin ƙarshe, sannan a kashe tsohuwar sabar kafin a haɗa sabon VM da layi, don kada su yi rikici a kan adireshin IP ɗaya.