Alhamis, ranar wasannin makaranta

Yau aka yi gasar wasanni ta shekara-shekara a makarantar sakandaren ƙauyenmu da ke yankin Auyo, kuma na je ne saboda ɗan ƙanwata, wanda yake ajin ƙarshe. Da toka aka ja layukan filin tun da asuba, ramin dogon tsalle kuwa yashin kogi aka ɗauko a amalanken shanu aka cika shi da shi. Yaron ya shiga gudun mita 100 da na mita 400 ba takalmi a ƙafarsa, ya zo na ɗaya a duka biyun, sannan ya zo na biyu a dogon tsalle.

Langa ce ta fi tara jama'a, domin ita ce wasan da dattawa suka san dokokinsa ba sai an yi musu bayani ba. Yaron aka sa ya zama ruwa, wato wanda 'yan ɓangarensa suke karewa. Ya riƙe babban yatsan ƙafarsa ta baya, ya yi ta zillewa a ƙafa ɗaya yayin da abokansa suke ture masu tare shi, har ya kai masha, wato wurin da ake so ya isa, ƙura ta turnuƙe, wani tsoho da ke kusa da ni ya jefar da sandarsa don murna. Da la'asar kuma ya buga ƙwallo a tsakiya, aka tashi kunnen doki.

Da aka zo rabon kyaututtuka, mai unguwa bai ce komai a kan gudu ba. Abin da ya tuna wa mutane shi ne ambaliyar 2022, lokacin da kogin Haɗeja ya tumbatsa ya cinye gonakin shinkafa, aka kwana ana cika buhuna da ƙasa ana ɗaga jinga, wannan yaro kuma yana cikin masu dako duk da ƙarancin shekarunsa. Ya ƙara da cewa tun daga nan ba a yi gayyar yankan kachalla babu shi ba. Wanda bai taɓa shiga ruwa ya sare kachalla ba, ba zai san nauyin wannan shaida ba: ciyawa ce mai toshe hanyar ruwa, ta hana masunta da manoma sakat, ganyenta na yankan hannu, tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi kuma a cikinta suke fakewa. Ranar Asabar ma yakan tara ƙananan yara a zauren gidansu yana koya musu karatun boko.

Malamin wasanni ya ja ni gefe ya ce ya kamata yaron ya zaɓi wasa ɗaya ya tsaya a kansa. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba. Chioma Ajunwa ta buga wa Najeriya ƙwallon ƙafa kafin ta ci zinare a dogon tsalle a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, kuma a ganina wanda bai taɓa taka filin tsere na gaske ba, bai kai lokacin da za a taƙaita shi ba.

Da daddare na je gidansu. Mahaifinsa, wanda ya daɗe yana kiran ƙwallo shiririta, ya ce maganar mai unguwa ce ta sanyaya masa zuciya, ba kofin ba. Yaron ya durƙusa ya ce, "Kawu, ka roƙa mini Baba ya bar ni in je gwaji Dutse." Mahaifin ya yi shiru, sannan ya ce sai an gama jarrabawar WAEC da NECO, kuma sai in ni zan raka shi. Na amsa, muka tsayar da cewa ranar kasuwa zan sayo masa takalmin gudu a Haɗeja, domin ya saba da shi kafin lokacin.