Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rabon Gado a Delanggu

Makon jiya na tsaya a inda abokin karatuna, wanda muke ɗaki ɗaya a birnin Yogyakarta na ƙasar Indonesiya, ya ce in raka shi ƙauyensu sadakar kwana dubu ta kakansa. Mutanen Jawa suna yin ta uku, bakwai da arba'in, su ƙara da ta kwana ɗari, da ta shekara, da ta shekara biyu, sannan su rufe da ta kwana dubu. Gidaje da yawa ba sa tayar da maganar gado sai an yi wannan ta ƙarshe. Saboda haka abokina ya san abin da ke jiran sa a gida, ni ne dai ban sani ba tukuna.

A 2022 ne. Daga tashar Tugu muka hau jirgin ƙasa mai lantarki da ke zuwa Solo, wanda aka fara a 2021, kuɗin tikiti rupiya 8,000 ko ina za ka sauka. Da muka wuce Prambanan sai gonakin shinkafa suka buɗe dama da hauni, dutsen Merapi yana tsaye can ta hagu da ɗan hayaƙi a kansa. Ni ɗan manomin shinkafa ne daga Kura, don haka idona bai bar taga ba. Ga wani yana dashe, maƙwabcinsa tasa ta fid da kai, na ukunsu yana yanka, duk a rana ɗaya. Ruwan maɓuɓɓugan da ke gindin Merapi ba ya yankewa rani da damina, shi ya sa masu gona a wannan yanki na Klaten kan ɗauke amfani har sau uku a shekara. Mun sauka a Delanggu, garin da shinkafarsa ta yi suna a duk tsibirin Jawa, ƙanen abokina da wani yaro suka ɗauke mu a babura.

Mun tarar da gida cike. Matan unguwa sun taru a kicin tun jiya suna aikin gayya, hayaƙin itace ya turnuƙe, ana zuba dafaffiyar shinkafa da kaza da ƙwai a ƙananan kwanduna na gora, kowane magidanci zai koma gida da ɗaya. Bayan isha'i maza suka zauna a tabarmi, limamin unguwa, Pak Modin, ya ja Yasin da hailala. Kakar abokina, wadda kowa ke kira Mbah, ta riƙe hannuna da hannuwanta biyu. Tafin hannunta a tsattsage yake, farcenta ya rine da laka ta shekara da shekaru.

Washegari da hantsi aka yi zaman da ya tara su. Na tashi zan ba su wuri, mahaifin abokina ya ce, "Zauna, Mas, kai ma ɗan gida ne." Mbah ta fito da gwangwanin biskit, ta zaro takardun harajin ƙasa a naɗe cikin leda. Gonar da marigayin ya bari ba ta da satifiket. Sunan marigayin yana cikin tsohon littafin filaye na ofishin ƙauye, wanda suke kira Letter C, kuma shi ma gadonta ya yi daga mahaifinsa. Faɗinta ru 160 a ma'auninsu, kowane ru kusan murabba'in mita 14, wato ko rubu'in hekta ba ta cika ba. Magada kuwa ga Mbah, ga maza biyu, ga mata uku.

Babban ɗa, wanda abokina ke kira Pakde, ya zo ne daga Bekasi inda yake aiki a masana'anta. Shi a sayar yake so. Lokacin ana biyan diyyar filayen da babbar hanyar Solo zuwa Yogyakarta za ta bi, kuma a ƙauyukan kusa an ga manoma sun wayi gari da sababbin motoci a ƙofar gida. Hanyar ba ta taɓa wannan gona ba, amma ta ɗaga farashin ƙasa a yankin, domin waɗanda aka biya suna neman inda za su sayi madadi. Pakde ya ce yana haya, 'yarsa za ta shiga jami'a, kuma shekara nawa rabonsa da ya taka laka. Ban ga laifinsa ba, har yau ma ban gani ba. Mahaifin abokina kuwa shi ke noma gonar tun tsohon yana da rai, bisa tsarin maro, wato a raba amfani biyu tsakanin mai gona da mai noma. In aka sayar, sai dai ya koma ƙwadago a gonakin mutane. Bai ce komai ba, yana ta murza taba a yatsunsa bai kunna ba.

Sai Pak Modin ya juyo gare ni. Abokina ya gaya masa na yi Risala a zaure, ya ce in faɗa musu yadda fara'ili ya raba. Gabana ya faɗi, amma lissafin ya zo da sauƙi. Mbah tana da tumuni, ru 20. Sauran 140 a kasa bakwai: kowane namiji 40, kowace mace 20. Da aka fassara mata, Mbah ta gyaɗa kai, ta ce haka iyayenta ke cewa, namiji ya ɗauki kaya biyu a sanda, mace ta goya ɗaya a baya. Ni kuma ina zaune ina auna ru 20 a raina. Murabba'in mita 280 ke nan. Abin da zai fito daga ciki ba zai ciyar da gida daga girbi zuwa girbi ba, ga kuma kunyoyin iyaka da za a tayar su ƙara cinye ƙasar.

Pak Modin ya san haka tun kafin ya tambaye ni. So yake kowa ya ji haƙƙinsa da kunnensa, daga bakin wanda ba shi da ɓangare. Sannan ya kawo abin da kundin dokokin Musulunci na Indonesiya na 1991 ya tanada. Sashe na 183 ya yarje wa magada su yi sulhu a kan rabo bayan kowa ya san kasonsa. Sashe na 189 kuma ya ce gonar da ba ta kai hekta 2 ba a yi ƙoƙarin barin ta a dunƙule, a ci moriyarta tare, in kuwa wani yana bukatar kuɗi sauran su biya shi kasonsa. Wannan tanadi ya burge ni ƙwarai. Tsibirin Jawa yana ɗauke da fiye da rabin mutanen ƙasar, kuma yawancin manomansa ba su mallaki ko rabin hekta ba. Waɗanda suka rubuta dokar sun san ƙauyukansu.

Pakde ya dube ni ya ce, tunda ina son noma, me zai hana in sayi nasa. Mai unguwa ya katse shi, ya ce dokar filaye ta 1960 ta hana baƙo mallakar ƙasa, ko da zai zauna shekara ɗari.

Wadda ta warware zancen ita ce autarsu, Bulik, wadda ta yi shekaru tana aikatau a Hong Kong, kuma tun safe ba ta buɗe baki ba. Ta ce za ta biya Pakde ru 40 ɗinsa, amma ba duka a lokaci ɗaya ba, kuma da sharaɗin yayanta, mahaifin abokina, ya ci gaba da noma gonar kamar yadda yake yi. Sauran mata biyu suka ce kasonsu ya zauna, a riƙa aika musu da shinkafa in an yi girbi. Mbah ta ce nata a haɗa wa mai noma, ita dai a ciyar da ita. Pakde ya daɗe yana kallon tabarma, domin farashin da ƙanwarsa za ta iya bai kai na baƙon mai saye ba. Daga ƙarshe ya ce ya yarda, amma sai an auna gonar da igiya a gabansa, don yana zargin maƙwabci ya ci iyaka ta gabas tun lokacin da tsohon ya kwanta ciwo.

Aka tsayar da ranar Litinin za a je ofishin ƙauye a buɗe littafin, daga nan a wuce gona. Na bugo wa malamina na nemi izinin ƙara kwana. Abin da igiya ta nuna, da yadda maƙwabcin ya tarbe mu da lauje a hannu, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.