Alhamis, kasuwar Dole da kwalin mushe

Yau tun bayan sallar asuba raina ke wajen kwalin littafan nan da wani tsohon mushe, wato malamin makaranta, ya ce in zo in duba, wanda ya aje aikin koyarwa da daɗewa, to da yake Alhamis ce sai da na fara leƙa kasuwar Dole ta nan Zinder wajen masu baza tsoffin littafai a ƙasa, ba komai sai na lakwal, na hau kabu-kabu sai unguwar Birni.

Na same shi a zaure, na durƙusa na gaida shi, ya ce ɗana ga su nan ɗauki abin da zai amfane ka, ni idona ya gaji. Wallahi da na buɗe sai da gabana ya faɗi, gara ta cinye kusan rabi daga ƙasa, amma can tsakiya ga littafin André Salifou kan Damagaram, bugun 1971, bangon ya koɗe amma shafukan na nan lafiya lau. Na daɗe ina fama da fotokofinsa da wasu layuka ba sa ma karantuwa. Na miƙa mai jaka biyu ya ƙi, da ƙyar ya karɓa da na ce kuɗin goro ne Baba.

Akwai kuma wani na sojan Faransa, ba bango ba shafin farko, sai a shafin ƙarshe zan gane shekararsa don a nan suke rubuta lokacin da aka gama bugawa, shi ma ya yage. Wasu shafukan ma ba a taɓa yanka su ba, a manne suke ta sama, sai da wuƙa. Taswirar da ke naɗe a ciki ita ta sa na ɗauko shi, irinta ce ba ka samu a fotokofi.

Da la'asar na zauna ina karantawa, kuma abin da ke ci mini rai kenan kullum, su Faransawa a wajensu kashe kyaftin ɗinsu Cazemajou a nan garin a 1898 shi ne babban labari, yaƙin Tirmini na 1899 kuma 'yan layuka ne kawai, an yi an gama an shiga Zinder. Mu kuwa a Tirmini aka karya rundunar Sarki Amadu Kuren Daga, kakanninmu ne suka faɗi a wurin, kuma wannan ayarin ne dai na hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine da ya ƙone Birnin Konni ya yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu kafin ya ƙaraso nan. Garin da Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa har ake ƙera igwa a cikinsa ba a taƙaita shi a layi uku. Shi ya sa nake tara nasu da namu duka, in aje su gefe da gefe, in haɗa da abin da tsofaffi ke faɗa, don kwanan wata da yawan bindigogi suna wajen Nasara amma sunayen mutanenmu suna bakin dattawa.

Maman yara ta ce kar in shigo mata da gara ɗaki, kuma da gaskiyarta, don haka na shanya su a inuwa na kakkaɓe shafi-shafi, gobe in Allah ya kai mu in sa su a akwatin ƙarfe da busasshen ganyen dogon yaro. Mushe ya ce akwai wani kwalin a gidan ƙanensa a Mirriya, ranar Lahadi zan je kafin damina ta sauka.