Kifin roba na gida, da mazubin da damina ta hana bushewa

Duk mai jefa fatsa da kifin roba a Kogin Isa, wato Kogin Neja, ya san inda kuɗinsa suke ƙarewa. Wasu su maƙale a duwatsu da tsummokaran taru da ke kwance ƙasan ruwa, sauran kuma tsage ya gutsure musu wutsiya. A Yamai ba kowane kanti ke da su ba, in ma ka dace ka samu, ƙunshi ɗaya sai ya cinye maka kuɗin cefane, kuma yawanci kalolin da aka yi domin ruwan Turai mai haske ne, ba domin namu da ke komawa ja wur da damina ba. Shi ya sa na fara zuba nawa a gida. Yau da su nake kamun giwan ruwa, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin hakan ƙwarai. Sai dai akwai tabo a bayan hannuna na hagu, wanda har yanzu in na dube shi raina yana ɓaci, domin da wani ya faɗa mini magana ɗaya tak, da ta hana shi.

Ruwan robar da ake zubawa sunansa plastisol, garin PVC ne a cikin wani mai da ke sa shi laushi. Na zagaya kasuwar Katako ban samu ba, Babbar Kasuwa ma haka. Wani ɗan'uwa ne ya aiko mini da lita biyu daga Faransa ta hannun matafiyi, na riƙa ƙarawa da tsofaffin kifayen roba da suka yage, ina yayyankawa ina narkarwa tare. Akwai mai buga rubutu a riguna da ya rantse mini yana da shi, da na je ashe tawadar bugu ce. Sunan ɗaya, aikin daban, kada ka ɓata kuɗinka. To ka ga ke nan kowane cokali na wannan ruwa yana da daraja a wurina.

Mazubi kuwa ba wuya. Garin platir, wannan farin garin da masu adon rufin ɗaki ke kwaɓawa, yana nan birjik a Katako. Ka sassaƙa siffar kifinka da sabulu mai tauri ko itace, gefe ɗaya a shafe, ka manna shi a kan gilashi, ka kewaye da kwali, ka shafa masa basilin kaɗan, ka kwaɓa ka zuba. Cikin rabin awa ya ɗau zafi ya daskare. Ka ciro siffar, ka bar shi ya bushe, ka shafe ramin da farin gam na kafintoci wanda aka tsinka da ruwa don robar ta fito da sheƙi. Haka na yi a watan Maris, na shanya a inuwa 'yan kwanaki, na zuba, kifaye suka fito sumul. Ban ga wata matsala ba ko ɗaya, har na fara ganin masu cewa aikin na da haɗari tsoro ne kawai ya yi musu yawa.

Sai Agusta ta zo. Lokacin ne ruwan sama ke kwararowa daga kogunan Sirba da Dargol da Gorouol, kogi ya cika ya yi ja, kifi ba ya ganin koto sai dai ya ji motsinsa ko ya hangi duhunsa. Abokan fatsata suka ce in zuba mana manya, baƙaƙe, masu faffaɗar wutsiya da ke kaɗawa da ƙarfi. Na yi sabon mazubi, babba mai kauri, ramuka da yawa a jere. Na shanya shi a rumfar da na shanya na farko, na ba shi kwanakin da na ba na farko, har da ƙari. Maƙwabcina mai aikin platir ya leƙo, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce, "Patron, wannan ai ya bushe ƙayau, ko yau ka shafa masa fenti." Mutumin da ya shekara yana wannan sana'a, me zan ce? Na shafa gam, ya yi sheƙi, na ɗora tukunya a kan risho.

Robar ta bi hanyarta yadda ta saba: fara tsinkakkiya, ta yi kauri ta dunƙule, sannan ta saki ta zama garai-garai. Ma'aunin zafi ya nuna digiri 177. Ramin farko ya cika lafiya, sai dai na ga 'yan kumfa suna tasowa daga ƙasa. Rami na biyu, wanda ya fi zurfi, ina cikin zubawa sai ya yi tartsatsi kamar an yayyafa ruwa a tafasasshen man ƙosai. Ɗigo ya faɗo mini a bayan hannun da ke riƙe da mazubin, na zabura, tukunya ta karkace, kusan rabin lita ya malale, wani a hannuna, sauran a kan siminti cikin ƙasa da yashi. Robar da ta tsallako teku ta zo.

Wanda bai taɓa ƙonewa da ita ba ba zai gane ba. Ruwan zafi yana zuba ya gangare, ita kuwa manne wa fata take yi ta ci gaba da dafa ta. Na ruga famfo na sa hannu ƙarƙashin ruwa, na ƙi cirewa har wajen minti ashirin, alhali mutanen gida na kewaye da ni kowa da maganinsa, wannan ya ce man goge baki, waccan ta ce ɗanyen ƙwai, wani ya ce gishiri. Ban yarda an shafa komai ba. Da na je asibitin unguwa, ma'aikaciyar da ta wanke ciwon ta ce ruwan nan da na tsaya a kansa shi ya rage ɓarnar. Uwargida dai cewa ta yi, "Malam, kifin kasuwa bai taɓa ƙona kowa ba." Ban tanka ba.

Da hannu a naɗe na zauna na yi lissafin da ya kamata a ce masu koyar da wannan aiki a bidiyo sun fara da shi, ba su tsaya nuna mana kaloli masu ƙyalƙyali ba. Ana kwaɓa kilo ɗaya na platir da ruwa wajen giram 700. Abin da garin ke sha ya riƙe a jikinsa don ya zama dutse bai kai giram 200 ba. Sauran, wajen rabin lita cur, yana nan zaune cikin ƙananan ƙofofin mazubin, sai ya fita ta iska. A watan Maris iskar Yamai busasshiya ce ƙwarai, danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, tana tsotse ruwan nan ba tare da ka sani ba. A Agusta iskar da kanta jiƙe take. Sama ya bushe ya yi fari, ciki na nan danye, ni kuma na zo na rufe shi da gam na hana ragowar fita. Ruwa yana tafasa a digiri 100, na zuba masa abu mai digiri 177. In ruwa ya zama tururi yana kumbura fiye da sau 1,600, kuma ba shi da wata ƙofa sai ta cikin robar, zuwa fuskar mai zubawa. Allah ya sa hannu ne ba ido ba.

Ban ga laifin maƙwabcina sosai ba, ko da yake na yi kwanaki ina amsa gaisuwarsa a taƙaice. Bushewar da yake nufi ta fenti ce. Rufin ɗaki ba wanda zai zuba masa narkakkiyar roba. Amma daga ranar na daina yarda da farce, da ido, da cewa "ai ya kwana biyu". Sikeli kawai nake yarda da shi, irin ƙaramin nan na masu yin kek. Ina auna mazubi ranar da na cire shi, in rubuta nauyin da fensir a bayansa, in riƙa aunawa kullum da yamma. Muddin nauyi na raguwa, akwai ruwa a ciki. Sai ya tsaya cak kwana biyu a jere sannan in shafa gam, kuma gam ɗin ma ruwa ne a cikinsa, shi ma sai ya bushe, a sake aunawa. Mazubin da aka kwaɓa da kilo ɗaya na gari yakan tashi wajen giram 1,700, ya kamata ya sauko kusa da 1,200. Wanda ya ƙona ni, da na fasa shi don haushi, tsakiyarsa sanyi ƙalau, har yana ɗan danƙo a yatsa.

In kana gaggawa, kada ka ce za ka gasa shi a wuta mai ƙarfi. Zafi mai yawa yana mayar da platir gari, ramin ya riƙa marmashewa, kifi ya fito da ƙuraje. Ɗumi kaɗan da iska mai wucewa yake so. Ni yanzu na huta da wannan duka: mazubaina na shekara ina yin su ne tsakanin Fabrairu da Afrilu, in adana su cikin bokiti mai murfi, in damina ta zo in ciro in ɗan ɗumama a rana kafin in zuba. Wanda na bari a fili cikin damina ma sai na sake auna shi, domin platir yana jan danshi ya mayar ciki.

Da na fara neman ruwa, sai na riƙa ganinsa ko'ina. Gishirin da ake zubawa cikin roba don kifin ya yi nauyi ya nutse, shi ma yana shan danshi, yanzu sai na soya shi a busasshen kasko ya huce sannan in zuba. Cokalin motsawa da aka wanke ba a goge ba. Tsofaffin kifayen da aka dawo da su daga kogi aka yanka aka jefa tukunya da laimarsu. Kalar abinci ta kasuwa, wadda ruwa ce zalla, kada ta kusanci tukunyarka. Kala mai mai ake so, in babu ka kankare kalar kakin nan ta 'yan makaranta, tana narkewa lafiya. Har gumin goshi, wanda a Yamai ba a rasa shi, ina ɗaura ƙyalle saboda shi. Safar hannu ta fata irin ta masu walda, riga mai dogon hannu, tabarau, takalmi rufaffe, duk zafin gari. Kuma mazubi a kan tebur yake zama, hannuna ba ya sake riƙe shi.

Na gwada mazubin silikon, wannan na cikin bututu da ake liƙe gilashi da shi, a cuɗa da garin sitaci ya daskare da wuri. Ba ya shan ruwa, ba ya buƙatar gam, yana fitar da kifi cikin sauƙi. Warin tsami gare shi kafin ya bushe, kuma in ka yi shi siriri yana lanƙwashewa kifi ya fito a karkace. Ƙanana nake yi da shi. Manya har yanzu platir ne, domin arha da tsayuwa daram.

Wuta ma a kula, amma wannan hanci zai gaya maka. In zafi ya haura wajen digiri 200 robar na komawa rawaya sannan ruwan ƙasa, ta fitar da hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, wanda ba a so ya shiga huhu. A waje ake yi, iska na bayanka, wuta ƙasa-ƙasa, ana motsawa ba tsayawa, kuma tukunyar ta bar kicin ke nan har abada.

Baƙaƙen nan dai na zuba su daga baya da ɗan abin da ya rage, a cikin tsohon mazubin Maris. Ranar da na fara fita da su wajen unguwar Gudel, wani dattijo Basorke da ke gyaran taru a bakin ruwa ya karɓi ɗaya, ya matsa, ya sansana, ya miƙo mini. "Ɗana, kifi ba wawa ba ne," in ji shi. Na ce, "Baba, bari dai mu gani." Kafin magariba giwan ruwa ya ɗauka, ba ƙato ba, amma ya isa gida biyu miya. Dattijon ya taso ya sake karɓar robar, wannan karon ya sa ta cikin ruwa ya ja a hankali yana kallon wutsiyar. Ya ce in zuba masa irin kawara, farare masu ɗan duhu a baya, domin in ruwa ya janye ya yi haske su giwan ruwa ke bi. Ya fi ni sanin kogi nesa ba kusa ba, don haka yadda ya ce haka na yi, kuma farar ce ta fi kamu daga Maris zuwa Mayu.

Tsage kam har gobe yana yanke wutsiya, na gida da na kanti duk ɗaya ne a wurinsa. Bambancin kawai yanzu guntayen ba sa zama asara, ina tara su a gwangwani, in shanya su sosai, su koma tukunya. Sai dai a ware irin masu talewa sosai ɗin nan na kanti, waɗanda ba PVC ba ne: in suka haɗu da naka a akwati ɗaya, musamman cikin zafin Afrilu, narkewa suke su manne da juna, kuma ba a narka su tare. Dattijon nan ya aiko yaro makon jiya yana son ƙarin farare manya. Na ce ya gaya wa Baba ya yi haƙuri, sabon mazubin yana kan sikeli, jiya ma ya rage giram 30.