Yadda na cire shokazobar baya da tsatsa ta kama a jikin Prado

Prado ɗin da nake shiga gona da ita ƙirar 120 ce, wadda kamfanin Toyota ya yi tsakanin 2002 da 2009. 'Yar Beljiyam ce, ta Kwatano ta shigo, kuma duk wanda ya taɓa sayen irin waɗannan motoci ya san kyan fenti ba ya nuna halin da ƙasan mota ke ciki. A ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, gishiri ake barbaɗa wa titi lokacin hunturu don ya narkar da ita. Ruwan gishirin nan yana shiga kowane lungu na ƙarfe ya zauna. Da motar ta zo hannunmu sai mu ƙara mata da lakar fadama, wadda ke manne wa ƙarfe ta riƙe danshi har bayan damina ta wuce.

Abin da ya sa na taɓa shokazobar a fili yake. In na hau gargada, bayan motar sai ya yi ta tsalle ba ya tsayawa, in na sha kwana kuma ta riƙa rangaji. Da na leƙa, ta hagu ta jiƙe sharkaf da mai, ƙura ta like a kai. Mutane da yawa suna zaton shokazoba ce ke ɗaukar nauyin mota. Sifirin ne ke ɗauka. Ita aikinta ta kashe tsallen sifirin, ta sa taya ta zauna daram a ƙasa. In ta mutu, birki ma yana rage kamawa a hanya mai ramuka, tunda tayar da ke sama ba ta tsayar da komai. Na sayo sababbi guda biyu na kamfanin KYB a Ƙofar Ruwa, domin ba a canza ɗaya a bar ɗaya.

A wannan motar, ɗaurin sama da na ƙasa ba iri ɗaya ba ne. A ƙasa, shokazobar tana da ido mai roba a ciki, ana zura shi a wani ɗan turken ƙarfe da aka yi wa walda a jikin aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, sannan bol mai lamba 17 ya danne shi da washa. A sama kuwa sanda ce mai haƙora ta ratsa ramin da ke jikin shasi, roba da washa ta ƙasa, roba da washa ta sama, noti a can bisa. Notin nan yana cikin wani matsattsen wuri tsakanin shasi da ƙasan bodi, inda hannu ke shiga da ƙyar, ido kuma ba ya gani sosai. Nan ne laka ke kwana, nan ne kuma duk wahalar aikin take.

Kafin komai na kai motar wanki, na sa aka feshe ƙasanta da ruwa mai ƙarfi. Na goge kan notocin da burushin waya, na fesa musu man sassauta tsatsa na WD-40, na riƙa ƙarawa safe da yamma kafin ranar aikin. Kanikawanmu da yawa man birki suke ɗigawa, yana kuma taimakawa, sai dai yana cin fenti, don haka a lura da inda yake zuba. Gogewar nan da burushi tana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka: in ɓawon tsatsa ya rufe bakin haƙoran, mai a kansa zai tsaya, ba zai sauka ciki ba.

Maganar ɗaga mota ba na wasa da ita. Na tsaya a kan siminti mai shimfiɗe, na tare tayoyin gaba, na ɗora shasin a kan ƙafafun ƙarfe na tokara, na cire tayoyin baya. Jak shi kaɗai ba abin da mutum zai kwanta a ƙarƙashinsa ba ne, bulon siminti kuma yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. Sai na sa jak ɗin a ƙarƙashin aksul ya ɗan tallafe shi. Dalili shi ne, a irin wannan mota mai sifirin nadi, shokazobar ce ke hana aksul zarcewa ƙasa. Ka cire ta babu tallafi, aksul zai sauka ya ja tiyon birki, sifirin ma yana iya barin mazauninsa. Gefe ɗaya na gama kafin na taɓa ɗayan.

Na fara da notin sama na dama. Da na sa sufana na murɗa, sai komai ya juya tare, noti da sanda, domin tsatsa ta mayar da su abu ɗaya. A nan ne na tsayar da shawarar da ta tafiyar da sauran aikin. Shokazobar nan ta riga ta mutu, bola za ta. Babu dalilin lallaɓa ta. Abin da ya kamata in kare shi ne abin da ke jikin motar: ramin shasi a sama, da turken aksul a ƙasa. In waɗannan suka lalace, magana ta koma ta walda da haƙa rami, kuɗi da lokaci su ninka.

Don haka na bar ƙoƙarin juya notin. Na zura masa sufana mai zobe, na jingine hannunta da shasi yadda ba za ta motsa ba, sannan na kawo babbar sufanar masu gyaran famfo na damƙi gwangwanin sama na shokazobar, wanda ke haɗe da sandar. Ƙanena ya riƙe sufanar sama, ni ina juya shokazobar daga ƙasa inda nake da fili da ƙarfi. Gwangwanin ya lotse, ya yi kaca-kaca, ban damu ba. Ya ɗan motsa, na mayar baya, na ƙara mai, na sake ja. Haka, gaba da baya, har notin ya fita. Wannan komawa bayan tana farfasa tsatsar da ta taru a haƙora ta ba ta hanyar zubewa. Wanda ya nace da ja gefe ɗaya, tara ta yake yi a gaban noti har ya cije gaba ɗaya.

Notin sama na hagu kuwa, da na zo gefensa, bai yarda ba. Tsatsa ta riga ta cinye kusurwoyinsa, sufana tana zamewa a kai. Filaya mai kulle ma ba ta sami wurin kamawa ba.

Maƙwabcina mai walda, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya leƙo ya ce, "Malam, bari in kawo wuta in ɗan gasa shi, yanzu zai saki."

Na ce, "Baba, na gode, amma duba nan." Na haska masa da tocila ya ga bututan mai da na birki da wayoyi da ke bin shasin, ga tanki ba nisa. Na ƙara da cewa shokazobar kanta cike take da mai da iskar naitirojin a matse, in zafi ya kai ga tulunta tana iya fashewa a fuskar mutum. Ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "Gaskiyarka, ɗana. To a yanke ta."

Ba na musun cewa zafi yana kwance noti. Ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi, tsatsa ta saki, kuma a kan salansa ko wani wuri mai nisa da mai ni ma zan yi. A wannan lungun ne ban ga abin da zai sa a kawo harshen wuta ba, alhali zarto yana iya aikin.

Wurin yanka shi ma sai an zaɓa. Ba a taɓa tulun, saboda iskar da ke ciki. Sandar da ke shiga tulun kuma mai sheƙi ce, an ƙarfafa bayanta, tana cinye haƙoran zarto a banza. Inda ya dace shi ne daidai robar da ke ƙarƙashin shasi, tsakanin washa da mazaunin. Na fara da yanke robar da wuƙa na ciccire ta, sandar ta bayyana, sai na shiga da ruwan zarton ƙarfe, na naɗe ƙarshensa da tsumma na riƙe da hannu domin firam ɗinsa ba ya shiga wurin. Aiki ne mai cin rai da gajiyar da kafaɗa. Mai zarton lantarki irin mai kai da komo zai gama cikin 'yan mintuna. Injin yankan ƙarfe mai faifai kuwa ban so shi a nan ba, saboda tartsatsi. Na sa ɗan falle na kwano tsakanin zarton da shasi don kada in ƙwarzane mazaunin. Da sandar ta rabu, ragowar notin da washarsa na ɗauke su da yatsa biyu ta sama.

Bol ɗin ƙasa shi na fi taka-tsantsan da shi, domin cikin turken yake shiga, in ya karye a ciki an shiga uku. Na yi amfani da soket mai kusurwa shida, wanda ke rungumar kan bol ɗin duka, mai kusurwa goma sha biyu kuwa saurin cinye kai yake yi. Na ɗan bubbuga kan da guduma, na ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan tukuna, sannan na sassauta a hankali da doguwar sanda, ba da fizga ba. Duka biyun sun fita lafiya. Idon shokazobar ne ya ƙi barin turken, tsatsa ta kumbura a ƙarƙashin robar ta riƙe ta gam. Ban doki turken ba. Na zuba ruwan sabulu, na riƙa murɗa shokazobar hagu da dama tunda samanta a sake yake, ƙanena yana tura idon waje da ƙarfen cire taya, har ya zame.

Ɗaura sababbin bai ɗauki lokaci ba. Na goge turken da samfefa har ya yi haske, na shafa giris kaɗan a haƙoran bol da na sandar sama, ban bari ya taɓa robobin ba domin giris na fetur yana lalata roba. Tun kafin in kwance na ɗauki hoton jerin washa da roba da waya, shi na bi. Notin sama ba ya son ƙarfi: da robar ta ɗan kumburo ta kai faɗin washa, ya isa, in aka wuce haka an matse ta ta mutu tun ba a je ko'ina ba. Bol ɗin ƙasa kuwa na bar shi sako-sako, sai da na mayar da tayoyi motar ta zauna da nauyinta sannan na ɗaure shi tamau. In aka ɗaure shi aksul na rataye, robar za ta zauna a murɗe kullum, ta tsage da wuri.

Tsofaffin na ba wa yaran jari-bola, amma sai da na ja kunnensu cewa kada a jefa su wuta, kada kuma a sare tulun. Bayan na yi 'yan tafiye-tafiye a hanyar gona na sake shiga ƙarƙashi na gwada ɗaurin duka huɗun, babu wanda ya saki. Yanzu duk ƙarshen damina ina sa a wanke lungun nan na saman shasi, in fesa wa notocin mai, in kuma duba na gaba, domin su ma gishiri ɗaya suka sha.