Kwafin ajiyar da ban taɓa buɗewa ba

Ƙannena masu shigowa wannan sana'a ta kula da shafukan intanet, bari in ba ku labarin daren da na goge kayan mutane da hannuna.

Lokacin ina riƙe da shafin wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda, har da rumbun bayanansa: sunayen kwastomomi, odar da aka biya, bashin da yake bin mutane. Sabar biyu gare ni, wato kwamfutocin da ke ɗauke da shafin, ta gwaji da ta ainihi. Wajen ƙarfe 1 na dare, ido ya yi nauyi, ga tagogi biyu na baƙin allo a gabana, kamarsu ɗaya. Na rubuta umarnin share rumbun, na danna. Sai bayan nan idona ya kai kan sunan sabar. Gabana ya faɗi.

Na lallashi kaina, ai kowane dare kwafi yana fita da kansa. Na leƙa inda yake taruwa. Ga fayiloli nan reras, kowanne da kwanan watansa, kowanne babu komai a ciki. Ashe wata huɗu baya da na canza kalmar sirrin rumbun, ban canza ta a ɗan rubutun da ke ɗaukar kwafin ba. Kullum sai ya ƙwanƙwasa, a hana shi shiga, ya ajiye fanko ya tafi. Rumbu tsaye daga waje, gara ta gama da hatsin.

Kada ku ce ƙaramin ma'aikaci ne kawai ke wannan. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya share bayanai kusan gigabait 300 a babbar sabarsu, yana zaton ta biyun yake kai. Hanyoyin ajiya biyar suke da su, aka rasa ta dogaro. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, aikin awa shidan kuwa ya tafi. Su dai sun yi ta maza, a YouTube suka nuna gyaran kai tsaye.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku ware rana ɗaya a wata, ku ɗauki kwafin jiya, ku zuba shi a sabar gwaji, ku shiga ku nemo odar ƙarshe da idonku. Kwafi ɗaya ya zauna a wani wuri daban, don in sabar ta mutu kada ta mutu da shi. Ku sa saƙo ya riƙa zuwa wayarku duk daren da kwafi ya fita, har da girmansa. Ranar da ba ku ga saƙo ba, ku bincika. Tagar sabar ainihi kuma tun ranar ja nake sa mata.

Da safe na je shago na faɗa wa Alhaji gaskiya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, ɗauko littafin rasit." Kwana uku ina kan benci tsakanin dilolin atamfa, ina kwafe oda ɗaya bayan ɗaya daga rasit da saƙonnin WhatsApp, yaron shago yana karanto min lambobi.