Ƙarar da ke ɗaukewa idan na taka kulochi

Motata tsohuwa ce, 'yar Kwatano, mai giyar hannu. Da sanyin safiyar Jos ba ta cewa uffan. Sai na baro Anguwar Rogo, na bi ta Taminus na kama hanyar Bukuru, inji ya ɗau zafi, sannan idan na tsaya a cunkoso na sa ta a firi in ji wani kar-kar-kar daga ƙasa, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Da na taka kulochi, tsit. Na saki, ƙarar ta dawo.

Garejin da na fara zuwa ko tayar da motar ba su yi ba. Daga bayanina kawai suka ce boris ɗin kulochi ne, wato zoben ƙarfe mai juyawa da ke danna kulochi idan ka taka, sai an sauke giyabos. Na gangara Dilimi na sayo boris. Abin da ya tsayar da ni kuɗin aiki ne, don sauke giyabos aikin yini guda ne. Maƙwabcina direba ya ce kafin a kwance komai in kai wa wani dattijon bakanike a Farin Gada ya saurara.

Baba bai ɗauki sifana ba. Ya ce mu zagaya har motar ta yi zafi, muka dawo, ya sa na ja birkin hannu aka tokare tayoyi da dutse. Ya tsuguna gefen tayar gaba.

"Taka kulochi, Malam." Na taka, shiru. "Saki a hankali." Ƙarar ta dawo. Sau huɗu muna haka.

"Wa ya ce maka boris ɗin kulochi ne?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai. Ya ce wannan boris ɗin lokacin da ka taka kulochi nauyi ke hawa kansa, don haka idan ya lalace a lokacin yake kuka. Tawa kuwa akasin haka take yi. Idan mota tana firi kuma ƙafarka ba ta kan kulochi, inji na juya sandar da ke shiga giyabos, haƙoran ciki suna ta juyawa ba kaya a kansu. Ka taka kulochi, ka raba inji da giyabos, sandar ta tsaya. Ƙarar da ta mutu a nan, to tana cikin giyabos ko a mahaɗarsa da inji. Wannan bayanin ya zauna mini daram, kuma ban biya ko sisi ba kafin in same shi.

Duk da haka bai yi gaggawa ba. Da salansa ta huce ya shiga rami ya bubbuga ta da hannu. Akwai siririn kwanon da ke kare zafinta, idan notinsa ya ci tsatsa yakan yi irin wannan ƙara. Haka tukunyar tace hayaƙi, wadda bakanikai ke kira indomi: idan cikinta ya farfashe tana kacau-kacau. Nawa duk lafiya. Ya duba robobin da inji ke zaune a kai, ya kuma sa na kashe mota yana saurare, don wasu motocin falaiwil ɗinsu, wato faifan ƙarfen da ke mahaɗar inji da kulochi, mai hawa biyu ne da sifirin a tsakani, idan ya gaji yakan yi ƙwanƙwasa wajen kashewa da tayarwa. Babu.

Sai ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin giyabos, ya kara kunne a mariƙinta. Ya miƙo mini na saurara, na ji haƙora na karo da juna ƙarara. Ya kwance notin gefe da ake zuba man giya, ya zura yatsa. Idan mota tana tsaye a shimfiɗe, man ya kamata ya kai bakin ramin. Yatsan ya fito a bushe. Robar da ke riƙe mai a bakin shaf na hagu, sandar da ke juya taya, ta daɗe tana yoyo, ƙura ta lulluɓe wurin. Shekara uku ina canja baƙin mai a kan lokaci, ban taɓa sa an duba man giya ba, kuma wannan ya dame ni ƙwarai. Nan na gane dalilin shirun safe: man da ya rage yana da kauri cikin sanyi, yana danne ƙarar, da ya yi zafi ya tsinke sai ta fito.

Da aka tsiyaye ragowar, Baba ya nuna mini maganaɗisun da ke jikin notin ƙasa. Laushin garin ƙarfe ne kawai a kai. Ya ce da ɓarɓashi masu kaifi muka gani, da ba makawa sai an buɗe.

Akwai abu na biyu da ban zata ba. Ya ce silon motar, wato bugun inji idan tana tsaye ba a taka totur ba, ba daidai yake ba, tana ɗan rawa. Fulogi ɗaya ne ba ya ba da wuta sosai. Inji mai tsallen bugu yana fizgar sandar giya, haƙoran da ke sake su riƙa dukan juna. Aka canja fulogai, aka sa sabuwar roba, aka zuba man giya kusan lita 2, mai lamba 75W-80 GL-4 kamar yadda littafin motar ya ce. Ya ja kunnena kan lambar, don man GL-5 na iya cin zoben tagullar da ke daidaita shigar giya a wasu akwatunan.

Kar-kar ɗin ta tafi. Saura wani ɗan siririn gurnani da sai ka kashe rediyo kake ji, Baba ya ce boris ɗin sandar ne ya ɗan sha wuya lokacin da mai ya yi ƙasa.

"Baba, in ci gaba da hawa?"

"Hau abinka. In ya ƙaru, ko giya ta fara fita da kanta, ka kawo ta ranar."

Bayan mako biyu na koma aka sake zura yatsa, mai na nan a bakin rami. Na sauka Hawan Kibo da ita zuwa Abuja na dawo, gurnanin bai ƙaru ba. Boris ɗin Dilimi yana nan a kwalinsa, sai ranar da za a canja farantin kulochi a sa su tare.